Pudla, wainar garin wake ta mutanen Gujarat

Duk wadda ta taɓa yi wa gidanta ƙosai da safe ta san tsawon hanyar: ki jiƙa wake, ki surfe, ki wanke har ƙaiƙayi ya fita, ki aiki yaro wurin mashin ya bi layi, ya dawo ki buga ƙullu har hannu ya gaji, sannan ki zuba mai kusan rabin lita a kasko. Kafin a gama, ƴan lekol sun tahi. Shi ya sa a gidaje da yawa wake yana nan cikin buhu, amma da safe sai a ba yaro kuɗi ya sayi burodi ko fanke, kafin ƙarfe goma cikinsa ya koma wayam. Yau ina son in ba ku labarin wani abinci na Indiya da ya gajarce mini wannan hanya. Sunansa pudla. Yaran gidanmu, da yake bakinsu na Bahaushe ne, fudula suke ce masa.

Pudla abincin mutanen Gujarat ne, wata jiha a yammacin Indiya, a bakin teku. A 1960 anka ware ta daga tsohuwar jihar Bombai, babban garinta na kasuwanci shi ne Ahmadabad, kuma a ƙidayar 2011 mutanenta sun kai miliyan 60, wato sun ninka mu ƴan Nijar fiye da sau biyu. Ɗiyar ƙanwata ta yi karatu shekara uku a wani gari nasu da ake kira Rajkot, ita ce ta zo mini da garin a leda, ta kuma nuna mini yadda matan can suke yi. Abin da ya ba ni mamaki a hirarta, yankin da ta zauna ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, ana noma gyaɗa da gero da auduga, kuma da man gyaɗa suke girki kamar mu nan Maraɗi. Geron ma ba baƙo ba ne gare su. Suna murza shi da hannu su yi wata gurasa mai kauri da suke kira rotla, su ci da tsala. Masu binciken tarihi sun ce daga ƙasashenmu na Sahel gero ya tashi ya kai Indiya tun shekaru dubbai da sunka wuce. Na ce mata, ashe dangi kika je wa.

Mutanen Gujarat da yawa ba su cin nama, wasu har ƙwai ba su taɓawa. Don haka abin da nama da ƙwai ke yi a tukunyarmu, su wake da nono ke yi musu. Kuma cikin dukkan wakensu akwai ɗaya da ya zama uwar ɗaki, wanda masu jin Faransanci sunka sani da pois chiche, Larabawa su ce hummus. Indiya ce ke noma fiye da rabin wanda ake nomawa a duniya. Shukar sanyi ce, bayan damina ake shuka ta wajen watan Oktoba da Nuwamba, a girbe kafin zafi ya shigo. Iri biyu ne. Akwai babba fari, wanda za ki gani a manyan shagunan Yamai, a leda ko a gwangwani. Akwai kuma ƙarami mai duhun baya, wanda Indiyawa sunka fi nomawa. Shi ake ɓarewa, a raba biyu, a niƙa ya zama gari mai laushi ruwan ɗorawa. Wannan gari suke kira besan.

Da besan suke yin abubuwa da yawa: wani turararre mai laushi kamar alale da ake kira khaman, soyayyun abubuwa masu ƙaras-ƙaras na shan shayi, har da wata miyar nono mai suna kadhi. Pudla ita ce mafi sauƙi a cikinsu. A arewacin Indiya chila suke ce mata. Waina ce shimfiɗaɗɗiya, faɗin faranti ƙarami, ba kauri kamar masa ba, ba kuma siririya kamar takarda ba. Wasu na kiranta wainar ƙwai marar ƙwai, kuma gaskiya in kin hango ta daga nesa, da launin kurkum da jan tumatir da koren ganye, za ki rantse wainar mai shayi ce.

Ga yadda nake yi wa mutum huɗu. Ki tankaɗe gari kofi biyu a kwano. Tankaɗen nan kada ki tsallake shi, don besan yana dunƙulewa in ya zauna. Ki zuba gishiri, da kurkum rabin ƙaramin cokali, da ɗanyar citta da kika daka, da ɗanyen barkono biyu ko ɗaya gwargwadon bakin yaranki. Sai ruwa. Kofi ɗaya da rabi ya isa, amma kada ki juye shi gaba ɗaya. Ki fara da rabi, ki dama ya yi kauri kamar ƙullun ɗan wake har gudaji su mutu, sannan ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. In kin zuba ruwan duka tun farko, gudaji za su yi ta yawo a ciki, ko maburgi ba ya kama su. In akwai nono mai ɗan tsami, cokali biyu ko uku yana sa ta yi laushi, ya kuma ba ta ɗanɗano. Daga nan ki yanka albasa ɗaya da tumatir ɗaya ƙanana-ƙanana ki zuba. Na ce ƙanana, don in yanka ya yi girma, nan ne wainar za ta karye lokacin juyawa. Albasarmu ta Galmi tana yin daɗi a ciki ƙwarai.

Sai ki rufe ki bar shi minti goma zuwa sha biyar. Ranar farko na tambayi ɗiyar tawa ko za a sa yis, ta ce, «Inna, ba ya son tashi, ruwa kawai yake son sha.» Haka ne kuwa. Garin yana jiƙa ne a hankali, kuma gishiri na jawo ruwan albasa da na tumatir, shi ya sa ƙullun da kika rufe da ɗan kauri za ki buɗe shi ya saki. Abin da ake nema shi ne ya zuba daga ludayi ba tare da yankewa ba, amma ya bar shafi a bayan ludayin. Wannan ɗan lokacin jira ya isa ki hura wuta ki ɗora ruwan shayi.

Akwai kayan ƙamshi biyu da matan Gujarat ba su cika barin su ba. Ɗaya ƴan ƙananan ƙwayoyi ne da suke kira ajmo, ƙamshinsa kusan ɗaya da thym ɗin da muke sawa a miya. Ɗayan wani ƙaro ne mai ƙarfin wari, hing, da ɗan yatsa ake ɗiba. Suna sa su ne don ƙamshi, da kuma don sun ce suna rage kumburin ciki da wake ke kawowa, kamar yadda mu muke jefa kanwa. Da nawa sunka ƙare, thym kaɗan na riƙa murzawa a tafin hannu in zuba, da tafarnuwa ƙwaya ɗaya a madadin hing. Ba daidai suke ba, amma babu wanda ya ture faranti. Akwai wasu mutanen Gujarat da ake kira Jain waɗanda ba su cin albasa da tafarnuwa da abin da ke girma cikin ƙasa, kuma suna yin pudlarsu haka nan ta yi daɗi. Don haka ranar da albasa ta yi tsada, ba ita za ta hana ki ba.

Ganye kuwa, nan ne na fi jin daɗi. Ɗaya daga cikin pudlar da sunka fi so ita ce mai ganyen methi, kuma methi ba komai ba ne illa hulbar nan tamu da muke jiƙawa mu sha. Mu ƙwayar munka sani, su har ganyen suke ci. Na watsa hulba a wani fasasshen kwano da ƙasa da ɗan taki, ina yayyafa mata ruwan wanke shinkafa, cikin sati uku na fara tsinka. Lokacin sanyi ta fi yi. Ganyen yana da ɗan ɗaci mai daɗi wanda ke tahiya da garin wake sosai. In babu, ɗanyen zogale da kika zage kika yanka, ko lawashi, ko shu da karoti da kika goga a magogi, duk suna shiga. Cikin hannu ɗaya ya isa wa kofi biyu na gari.

Yanzu wuta, wadda ita ce rabin aikin. Su suna da wani faifan ƙarfe shimfiɗaɗɗe da suke kira tawa. Mu kaskon suya mai faɗin gindi ya wadatar, in dai mai kauri ne. Kaskon da ya yi sirara yana ƙona tsakiya ya bar gefe ɗanye. Ki bari ya yi zafi har in kin yarfa ruwa ya yi tsalle. Ki tsoma rabin albasa cikin mai ki goge kaskon da ita, wannan dubarar tasu ce, kuma tana hana kamu. Ki zuba ludayi ɗaya a tsakiya, ki baza da bayan ludayin kina zagayawa daga ciki zuwa waje, da sauri, kafin ƙasan ya kama. Sai ki ɗiga mai ƙaramin cokali ɗaya a kewayen bakin. Daga nan ki ƙyale ta. Hannun mace yana ƙaiƙayin taɓa abin da ke kan wuta, amma pudla ba ta son a dame ta. Garin wake ba shi da danƙon da garin alkama ke da shi, don haka babu abin da ke riƙe ta sai dahuwa. Idan saman ya bushe, ya bar sheƙi, bakin ya fara ɗagowa da kansa, to ta ba ki izini. Wajen minti biyu ke nan. Ki juya, ki danna ta kaɗan da bayan cokali, ki ba ta wani minti ɗaya ko biyu har ta yi ɗigo-ɗigon ja.

Wutar ta zama matsakaiciya. Ɗanyen besan yana da ɗaci da wani gafi, in kin lasa ƙullun za ki ce abin ya lalace. Dahuwa ce ke kashe wannan, ta mai da shi ƙamshi irin na soyayyar gyaɗa. In wuta ta yi yawa, baya zai yi baƙi ciki yana nan da gafinsa, kuma wannan shi ke ɓata wa yaro ciki. A murhun gawayi, sai gawayin ya yi ja ya daina hayaƙi nake ɗorawa. A gaz kuwa rabin wuta. Ta farko sau da yawa ba ta fita da kyau, kamar dai masar farko a tanda. Ta mai girki ce, ki ci abinki a tsaye.

Kofi biyu na ba ni waina takwas. Man da na kashe a kansu bai kai babban cokali uku ba. Ku kwatanta da abin da ƙosai ke sha, da wanda ke saura a kasko ya yi baƙi. Wadda take sayen mai a ɗan ƙulli kullum safiya ita ta fi kowa sanin abin da nake faɗa.

To amma ga magana: besan ba amfanin gonarmu ba ne. Ledar da anka kawo mini sati biyu ta yi. Da na tambayi kuɗin farin pois chiche a Yamai, na ga abin ba na karin kumallon talaka ba ne. Ana iya sayen busasshe a kai mashin, yana yin pudla mai kyau, sai dai ɗanɗanonsa bai kai na ƙaramin ba, kuma yana da tauri, mai mashin sai ya maimaita niƙa. Na gwangwani kuwa dafaffe ne, ba ya yin gari. A ganina, mace ta saya sau ɗaya don ta san asalin ɗanɗanon, babu laifi. Amma ta mai da shi abincin kullum alhali Nijar na cikin ƙasashen da sunka fi noman wake a duniya, Nijeriya kaɗai ke gabanmu, wannan ya zama barin na gida a bi na daji.

Da na ce zan gwada da wakenmu, ɗiyar tawa ta yi dariya ta ce, «Inna, ai su ma suna yi.» Ashe farin waken nan namu mai baƙin ido suna da shi, chola ko chora suke ce masa, kuma suna yin pudla da ɓararrensa, sau da yawa tare da ganyen hulba. Har wani soyayyen abin biki suke yi mai suna chorafali, wanda sunansa ma daga waken ya fito. Shi ma wake, kamar gero, asalinsa na Afirka ne. Wannan ya kwantar mini da hankali, don ban so in zo in ce muku ga abincin Gujarat alhali wani abu dabam na haɗa. Wajen gina jiki kuwa kusan kunnen doki suke: kowannensu fiye da kashi 20 cikin 100 na nauyinsa abin gina jiki ne, kusan ninki biyu na farin garin alkama. Shi ya sa yaron da ya ci biyu da safe yake kai azahar bai zo yana zagaya madafa ba.

Aikin garin wake rana ɗaya ne, sannan ki huta sati biyu ko uku. Ki ɗauki tiya ɗaya, ki tsince, ki yayyafa ruwa ki surfe a turmi, ki shanya ya bushe ƙarau, ki sheƙe ƙaiƙayin. Bushewar nan ita ce komai. In da sauran danshi, zai liƙe a mashin, kuma garin zai yi tsami cikin kwana kaɗan. Ki kai niƙa ki ce a yi laushi, ki kuma roƙi mai mashin kada ya zuba naki bayan niƙan jiƙaƙƙe ko na barkono. Ki baza garin ya huce kafin ki tankaɗe, ki zuba a bokiti mai murfi ko bidon busasshe. Waɗanda sunka saba ajiye garin ɗan wake sun riga sun san wannan, bambancin kawai ba a haɗa shi da rogo ko kuka.

Garin wakenmu ba ya yin hali ɗaya da besan, gara ku sani tun yanzu. Ya fi shan ruwa, kuma ya fi jinkirin jiƙa, don haka rabin awa nake ba shi, wani lokaci in dama tun da asuba kafin in shiga wasu ayyuka. Launinsa fari ne, kurkum ne ke ba shi kyan gani. Yana da warin ɗanyen wake fiye da besan, sai ki ƙara citta, kuma nonon nan da na ce ko a sa ko a bari, a nan dole ne. In kin ɗan buga ƙullun minti biyu yana yin haske, don wakenmu na kama iska, abin da ke sa ƙosai tashi ke nan. Wainar ta fi taushi, bakinta bai cika yin ƙaras ba, kuma ɗanɗanonta na tsakanin ƙosai da alale. Maigidana ya ce wannan ai ƙosai ne da mota ta taka, amma uku ya ci. Na gwada da garin ƙwaruru ma, kuma a bakina shi ya fi kusa da besan wajen ɗanɗano. Rabin wake rabin ƙwaruru shi ne haɗin da na tsaya a kai.

Su can da shayi mai madara da citta suke cin ta, ko da nono, ko da wani ɗanyen haɗi da suke kira chatni: koren ganye da ɗanyen barkono da gyaɗa da lemun tsami, a niƙa tare. Na yi irinsa a turmi da soyayyar gyaɗa cikin hannu ɗaya, da persil, da barkono, da gishiri, da lemun tsami, da ruwa kaɗan. Ranar da ba ni da lokaci kuwa yajin ƙuli-ƙuli nake barbaɗawa, yara ma sun fi son haka. Da kunu ko koko tana tahiya kamar an yi su tare. Tsohuwarmu da haƙoranta sunka ƙare takan gutsuttsura tata cikin nono.

Wata a ƙungiyarmu, da ta ɗanɗana, tambayar farko da ta yi ita ce ko za ta sayu. Na faɗa mata abin da na gani. Pudla abincin zafi-zafi ce. In ta huce tana yin tauri, ƙamshin ya tahi, ba kamar ƙosai ko fanke da za su yini a tire ba. Don haka ba ta talla ba ce. Wadda za ta zauna da murhunta a ƙofar lekol ko bakin tasha tana yi ana karɓa, wannan tana iya gwadawa, tunda jarin mai kaɗan ne. Sai dai kasko ɗaya waina ɗaya yake ɗauka, minti huɗu kowace, alhali mai ƙosai tana tsame ashirin a lokaci guda. Sai ta yi kasko biyu ko uku, kuma ta yi haƙuri da mutanenmu, waɗanda ba su saurin ba da kuɗinsu ga abin da ba su san sunansa ba. Ni dai a gida na fi ganin amfaninta.

Akwai kuma pudla mai zaƙi, wadda suke yi da garin alkama da mazarƙwaila, ba da garin wake ba. Ana narkar da mazarƙwailar cikin ruwan ɗumi, a tace saboda yashi, a dama garin da shi, a soya a kasko ɗaya da ɗan man shanu. A wasu gidaje tare suke kawo su, mai yaji da mai zaƙi a faranti guda. Ita tana saurin kamu saboda zaƙin, sai ki rage wuta fiye da ta waken, kuma ki yi ta bayan kin gama masu yaji, ki goge kaskon tukuna don kada ta ɗauki barkono.